Takalman Baba a Benen Alƙahira

Mutumin da ya fara cutarmu a Misra Bahaushe ne, kuma sai da ya yi mana sallama mai kyau kafin ya fara.

A filin jirgi ya tarbe mu, da carbi mai tsawon igiyar guga. Ɗanjummai sunansa, dillalin marasa lafiya. Tun muna gida ya rantse wa Baba a waya cewa ya kama mana ɗaki a ƙasa, kusa da asibiti, kusancin da in ka yi atishawa likita ne zai amsa maka. Da motar ta tsaya sai ga bene dogo kamar an jingina shi da sama. Ɗakinmu a hawa na biyar yake. Akwai lif, amma ina jin tun zamanin Fir'auna ya mutu, don har kyanwa ta haihu a ciki. Asibitin kuwa sai an hau mota biyu.

Baba ya ce, "Malam Ɗanjummai, ba haka muka yi da kai ba."

Ya ce, "Ai nan ɗin ma ƙasa ne, Malam, in ka kwatanta da masu hawa na goma."

Ya karɓi abin da zai karɓa, ya ce zai je ya sayo mana ruwa. Ruwan nan har muka bar ƙasar bai iso ba.

Mu uku muka zo. Ni Sa'adatu, shekarata goma sha shida a lokacin. Baba, malamin Larabci a Islamiyyar ƙauyenmu da ke bayan Zakirai. Sai Iya, kakata, wadda ta haifi Baba. Ciwon daji ne ya kama mata huhu, bai tsaya nan ba, ya gangara cikin ƙashi: kugu, gadon baya, haƙarƙari biyu. Matan gari sun ce hayaƙi ne, shekara arba'in tana tsaye a kan kaskon ƙuli-ƙuli. Likitocin Kano ba su ce e ba, ba su ce a'a ba. Shekarar nan ce da kwanon gero ya gagari mutane, amma Baba da ƙannensa suka sayar da gonar bakin fadama da shanun huɗa, suka ce a gwada waje.

Kada ku ɗauka don hankalina aka zaɓe ni. A gidanmu in na ce ana ruwa sai an leƙa waje. Na taɓa ba da labarin kunamar da na gani a rumbu, kafin labarin ya kai ƙofar gida ta fi akuya girma. An tafi da ni ne don Baba ɗan fari ne. Iya ba ta taɓa faɗin sunansa ba, "mutumin zaure" take ce masa. Ba ta cin abinci yana kallo, ba ta haɗa ido da shi, balle ya kama ta ya tayar ko ya ga bayanta. Dole a sami mace mai wanka da juyi. Matan gidan kowacce da goyo, ni ce kaɗai hannuna sake.

Saboda haka mai gadin benen da wani maƙwabci ne suka ɗora Iya a kujerar roba suka hau da ita, Baba na biye da jaka, kansa a ƙasa. Matakala casa'in da shida. Kowacce suka taka sai kujerar ta girgiza, sai na ga yatsun Iya sun murɗe gefen mayafinta kamar tana matse tunkuza. Ba ta ce uffan ba. Da aka sauke ta har addu'a ta yi musu.

Gidan ɗaki ɗaya ne da falo, da labule a tsakani. Ni da Iya a ciki, Baba a falo kan tabarma. Kowace safiya sai ya tsugunna a bakin labulen.

"Iya, an tashi lafiya? Yaya jikin?"

Sai ta juya fuska bango, ta ce da ni, "Ce masa da sauƙi."

Ni kuma in ce, "Wai da sauƙi," duk da ya ji da kunnensa.

A asibiti muka sami likitarmu, wata 'yar gajeruwar mace mai tabarau, tana tafiya kamar ta bar tukunya a wuta. Baba ne tafinta. Larabcin Baba na littafi ne, in ya buɗe baki zai sayi burodi sai mai burodin ya gyara tsayuwa kamar an fara huɗuba. Amma likitar tana gane shi. Ta fito da wani kwali mai fuskoki shida, daga mai dariya har mai kuka, ta ce a tambayi Hajiya wacce ce ta yi kama da ciwonta.

Baba ya fassara yana kallon silin. Iya ta dubi kwalin, ta saci kallon inda ƙafar Baba take, ta ɗora yatsa a kan ta biyu, mai ɗan murmushi.

Likitar ta dubi hoton ƙashin a jikin fitila, ta dubi Iya, ta sake tambaya. Ina ne ya fi ciwo? Yana hana ta barci? Ta yaya Iya za ta ce "kuguna" ɗanta na fari yana tsaye? Ta ce, "Alhamdulillahi." Baba ya mayar da shi Larabci, ko da yake wannan ba ya buƙatar tafinta. Likitar ta ɗaga kafaɗa, ta rubuta wasu ƙananan ƙwayoyi, ta ce tun da ciwon da dama-dama za a fara da gwaje-gwaje, gashin ƙashin da na'ura kuwa sai layi ya zo kanmu.

Haka muka yi mako uku.

Ga yadda ranakun suke. Da hantsi Baba zai fita, ko karɓo sakamako, ko bin layin takarda, ko masallaci. Takalmansa na fata ne, ɗinkin Kano, na hagun yana jan ƙasa tun faɗuwar da ya yi a babur. Tas, shuu. Tas, shuu. A hawa na huɗu sai ya yi gyaran murya. Iya tana kwance, ido a rufe, tana sauraro. Ni ma ina sauraro. Sai ƙarar ta yi ta raguwa, ta yi ta raguwa, har hayaniyar titi ta haɗiye ta.

Sannan Iya ta saki abin da ta riƙe tun asuba.

Ni da nake da magana a kan komai, ba ni da sunan wannan sauti. Ba kuka ba ne. Ya fi kama da turmi ana jan sa a kan siminti. Daga can ƙasan ciki yake tasowa, ya tsaya a maƙogwaro, tari ya tare shi, tarin ya bugi haƙarƙarin, sai a koma farko. Tana cusa zane a baki. Tana kiran "Inna, Inna," tsohuwa mai shekara saba'in tana kiran uwar da ta rasu tun ba a haifi Baba ba. In na taɓa ta ciwo, in na bar ta ciwo. Sai in zauna a ƙasa in riƙe ƙafar gadon, don ita kaɗai ce za a iya riƙewa. Da ta ji tas, shuu, daga ƙasa, sai ta tofar da zanen, ta ce in goge mata fuska, in gyara mata ɗankwali.

Iya ta rasu wata bakwai ke nan. Har yau in Baba ya fita daga zaure, na ji takalmin nan yana nisa, sai in tsinci kaina na daina abin da nake yi, ina jiran a fara.

Akwai wadda take ji ban da ni. Tagar ɗakinmu tana kallon wani rami ne da ya ratsa benen daga sama har ƙasa, inda bututai suke, kuma a gindinsa matar mai gadi take wanki. Ummu Karim, ƙatuwar mace, damtsenta ɗaya ya yi cinyata biyu. Rana ta huɗu ta hau matakala casa'in da shida da kwanon miyar wani wake ja, tana haki kamar injin markaɗe. Ta zauna a bakin gado, ta ɗauki ƙafar Iya ta ɗora a cinya tana matsawa a hankali. Ta yi ta zuba Larabci, Iya tana mayar mata da Hausa.

"Ƙasarku ba a ruwa ne, baiwar Allah? Mu yanzu a gida an yi shuka."

Ummu Karim ta ba da amsa mai tsawo, har da nuna silin.

Iya ta ce, "To Allah ya kyauta. Ai maza duk haka suke."

Sa'a guda suka yi a haka, kowacce ta gamsu. Da za ta tafi ta ja ni bakin ƙofa, ta nuna kunnenta, ta nuna ɗakin, ta nuna tabarmar Baba, ta buɗe tafin hannu. Na gane tambayar. Na girgiza kai.

Ba wai ban gwada ba. A cikin mota na faɗa masa, muna dawowa daga kantin magani, an matse mu kamar buhunan gyaɗa.

"Baba, in ka fita Iya ihu take yi. Har ƙasa ana ji."

"Sa'a."

"Wallahi, Baba."

"Jiya kin ce kin ga ɓeran da ya kori mai gadi daga kujerarsa."

"Wannan daban."

"Shekaranjiya kin ce kogin nan nasu ya fi daga Kano zuwa Legas faɗi. Ki ji tsoron Allah, ciwo ba abin wasa ba ne. Na san tana jin jiki, amma ai da bakinta take cewa da sauƙi."

Duk da haka da muka koma ya tsugunna a bakin labule ya tambaya, har sau biyu. Ta ce a ce masa ta ma fi jiya. Da ya shiga wanka ta kamo kunnena, da ɗan ƙarfin da ya rage mata.

"Ja'ira, ke kika kai tsegumi?"

"Ni? Ni da ba na magana?"

"Ke da aka haifa da lasifika a baki. Saurara. Mutumin nan ya sayar da gonar ubansa ya kawo ni. In ya ji ina raki, sai ya ce a banza ya sayar. Kuma ni ban yi kuka ranar haihuwarsa ba, ba zan yi masa yanzu da furfura ba. Kin ji ni?"

"To ki faɗa wa likita mana, tsohuwa."

"Da wane bakin? Da nasa?"

Nan ta ɗaure ni. Likita ba ta jin Hausa, Iya ba ta jin Larabci, kuma gadar da ke tsakaninsu ita ce mutum ɗaya a duniya da ba za ta taka ba.

A mako na uku ta daina cin abinci. Juyi ɗaya sai mu yi rabin sa'a muna yinsa. Sallah da ido take yi, wani lokaci ta tambaye ni raka'a nawa ta yi. Kewar gida ta kama ni kamar zazzaɓi. Zafin garin busasshe ne, ba ƙanshin ƙasa, ba kukan kwaɗi. In na rufe ido sai in ga gero ya kai gwiwa a bayan gidanmu, in buɗe in ga bututu.

Ranar Juma'a ta uku na yi abin da na yi.

Abu ɗaya na iya ban da surutu, shi ne kwaikwayo. Ina yin tafiyar limaminmu, ina yin ta mai unguwa, an sha dukana a kan haka. Baba ya shirya, ya sa farar riga, ya tsugunna ya ce, "Iya, na tafi masallaci." Ta ce a ce masa a dawo lafiya. Yana miƙewa na raɗa masa cewa bayan rigarsa ya taɓa ruwan bakin banɗaki. Ƙarya ce. Ya yi tsaki, ya shiga ya kunna famfo zai ɗauraye. Na san Iya za ta ɗauka ni ce a famfon.

Na zura ƙafafuna a takalmansa, na buɗe ƙofa, na rufe da irin ƙarfin da yake rufewa. Tas, shuu. Tas, shuu. A hawa na huɗu na kumbura ƙirji na yi gyaran murya. Na ci gaba da sauka, ina rage ƙarar kaɗan-kaɗan, har hawa na biyu. Na tsaya.

Na ji famfo ya mutu. Sai shiru. Na ce a raina shi ke nan, ya fito yana neman takalmi, yanzu zai kira sunana asiri ya tonu.

Sai abin ya fara. Ta ramin bututun nan ya sauko mini, ya fi yadda nake jin sa a ɗaki, kamar benen ne da kansa yake nishi. Ummu Karim ta fito daga ɗakinta, hannu duk kumfa, ta ɗaga kai ta gan ni tsaye cikin takalman namiji. Ta goge hannun a jikin zanenta.

Ban san minti nawa na yi ba. Na cire takalman na riƙe a hannu, na hau da sanɗa, na tura ƙofa a hankali. Baba yana tsugunne a tsakiyar falo, taku uku daga labulen, gefen rigarsa a jiƙe a hannunsa. Bakinsa a buɗe. A ciki Iya tana cewa, "Inna, ki zo ki ɗauke ni. Inna, ƙashina." Ban taɓa ganin fuskar babba ta zama haka ba, kuma ba na fatan in ƙara.

Na zaci zai mare ni. Da ya gan ni sai ya ɗora yatsa a leɓe. Ya miƙe kamar mai ɗauke da ƙwai, ya karɓi takalman daga hannuna, ya fita da ƙafa a ƙasa. Na leƙa ta saman matakala ina kallonsa yana sauka, takalmi a hammata, yana bin bango. Har ta koma ga Allah Iya ba ta san ya ji ba.

Washegari ya nemo masu ɗaukar kujera muka koma asibiti ba ranarmu ba. Ya tare likitar a baranda. Larabcin huɗuba ya gudu, sai in'ina. Na ga ta cire tabarau, ta dafe goshi. Sannan ta yi abin da ya kamata a yi tun ranar farko: ta nuna wa Baba benci a can ƙarshen baranda, ta shigar da mu, ta rufe ƙofa.

Ta ɗauko kwalin fuskokin. Iya ta dubi ƙofar.

Na ce, "Ya tafi sayo ruwa, Iya. Irin na Ɗanjummai."

Ta yi 'yar dariya, dariyar ta zame mata tari. Da ya lafa ta daɗe tana kallon fuska ta ƙarshe, mai hawaye.

Ta ce, "Wannan ma ai da sauran ruwa a idonsa."

Ba mai fassarawa. Na kama yatsan likitar na kai shi kan fuskar, na ja shi ya wuce ta, ya fita daga kwalin gaba ɗaya. Daga nan da jikina muka yi magana. Ta taɓa kuguna, na ɗaga yatsu goma. Gadon baya, goma. Haƙarƙari in an yi tari, na ɗaga goma na ƙara da na ƙafa. Karo na farko a rayuwata na faɗi abu iya girmansa, kuma yatsuna suka kasa.

A ranar aka kwantar da ita kwana biyu, aka fara ba ta mofin, maganin kashe zafi mai ƙarfi, aka matso da gashin. Da za a sallame mu likitar ta yi wa Baba bayani a baranda, shi kuma ya juye mini. Maganin da agogo ake shansa, ko ciwo ya zo ko bai zo ba, ba a jira sai ya taso. Akwai ɗan ƙari na daban da za a ba ta kafin wanka ko juyi ko hawa mota. Akwai na sakin ciki, don mofin yana ɗaure hanji. Ba a ƙarawa da ka, ba a tsayarwa da ka, ba a sammawa kowa, a kulle shi.

Muna komawa hawa na biyar Iya ta tayar da balli. Ta shinshina kwalbar ta kawar da kai.

"Wannan ba shi ne abin da 'yan iskan bayan firamare suke sha ba? A asibiti na yi ta gyangyaɗi kamar kazar da ta ci gishiri. Da tsufana a mai da ni 'yar maye? In mutuwa ta zo ta tarar ban san kalmar shahada ba fa?"

"To bari sai ciwon ya zo," in ji ta, wai ta yi mini rangwame.

Na ce, "Iya, ke da kike cewa ciyawa tun tana ƙarama ake nome ta."

"Kada ki yi mini wa'azi da bakin da bai san wanki ba."

Baba yana falo yana ji. Can sai ya ɗaga murya, irin wadda yake karantarwa da ita.

"Sa'adatu, ɗauko littafinki, yau babin magani za mu yi."

Ban da wani littafi. Na fita na zauna a gabansa hannu wofi, shi kuma ya fuskanci labule ya yi darasi. Ya ce abin da likita ya auna ya ba majiyyaci don larura magani ne, ba maye ba. Ya ce jiki amana ne. Ya ce gyangyaɗin na kwanakin farko ne, in ji likita, zai ragu. Ya ce wanda azaba ta hana shi sanin raka'a nawa ya yi, in ya sha abin da zai dawo masa da lissafin sallarsa, bai yi laifi ba. A nan ya tsaya yana gyaran murya.

Daga ciki Iya ta ce, "Ke, ki ce wa mai wa'azin nan an ji. Kawo cokalin."

Kwana biyar ana kai ta gashi. Sun zana mata kugu da tawada kamar ƙwaryar kai amarya, suka hana ni wankewa. Ba a rana ɗaya sauƙin ya zo ba. Sai da aka yi amai, aka yi rigimar banɗaki da ba zan rubuta ba don mutuncin tsohuwa, aka ƙara awon maganin sau biyu. Amma wata safiya, kwana goma sha wani abu bayan nan, na juyo na ga ta zauna da kanta, ta jingina da bango, tana ɓare gyaɗar da Ummu Karim ta kawo.

Ta tauna ɗaya ta ce, "Wannan ko an matse ta shekara ba za ta ba da mai cokali ba."

Ranar Baba ya fita, takalmi ya yi nisa, muka yi shiru mu biyu muna jira. Ba abin da ya zo. Ta dube ni na dube ta.

Ta ce, "To me kike kallo? Taje mini kai."

Ciwon kansa bai tafi ba. Likitar ta faɗa wa Baba gaskiya a kan bencin nan: ya yi nisa, abin da ya rage shi ne a riƙe mata zafin, kuma wannan ana iya yinsa a gida in an sami asibitin da zai ci gaba da rubuta maganin a Kano. Ta ba mu takarda mai hatimi uku saboda masu binciken filin jirgi. Ta sumbaci Iya a goshi. Ummu Karim ta raka kujerar har bakin titi tana kuka da Larabci, Iya tana ba ta haƙuri da Hausa, ta cire zoben azurfarta ta sa mata a ƙaramin yatsa, don nan kaɗai ya shiga.

Da hantsi muka sauka Kano. Na duba agogo na ba ta na ƙarin kafin mu shiga motar da ƙanin Baba ya turo. Aka kwantar da kujerar gaba, aka jera mata matasai, ni da Baba muna baya. An yi ruwa da asuba. Bayan Gezawa gero ya rufe gonaki har ya fi mutum, ga ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa yana shigowa ta taga. Da muka bar kwalta muka hau burji, na riƙe numfashi. Ramin farko, na dubi yatsunta. A buɗe suke a kan cinyarta. Rami na biyu, na uku. Iya barci take yi, baki a ɗan sake, har da minshari.

A ƙofar gida rabin gari ya taru. Mata sun leƙo ta katanga, yara sun yo kan motar da gudu. Baba ya fitar da hannu ta taga ya ɗaga, kowa ya tsaya. Ya ce da direba a hankali ya ja mu ƙarƙashin darbejiya ya kashe inji, kada a buɗe ƙofa. Magana ta bi mutane ɗaya bayan ɗaya: tana barci. Maza suka zauna a kan kututture, mata suka koma bakin zaure, aka kori awaki. Garin da ko jana'iza ba ya yin shiru ya yi tsit, ana jiran tsohuwa ta farka.

Muna zaune a baya, gumi yana bin mu. Baba yana kallon ƙeyar Iya. Ba mu taɓa tayar da maganar Juma'ar nan ba, ni da shi. Can ya yi magana ƙasa-ƙasa, bai juyo ba.

"Sa'a. Mako ukun nan. Kullum haka take in na fita?"

Na ga kwana ashirin da ɗaya sun jeru a gabana, kowanne da zanen da aka cusa a baki. Na dubi gefen fuskarsa.

Na ce, "A'a, Baba. Ranar ce kawai ta yi tsanani. Sauran yawanci barci take."

Wani ganye ya faɗo a kan gilashi.

Ya ce, "Tun da aka haife ki ban taɓa jin labarinki ya yi gajarta haka ba."

Ya jingina goshinsa da bayan kujerar da uwarsa take kwance, a hankali, yadda ba za ta ji ba.